Magaji Mai Tulu

Ƙanina Kawooya ya kyautar da gangaren gonarmu a gaban dangi duka, kuma har yau idan mutanen coci suka tashi ba da labarin, da murmushi suke bayarwa. Ni Nanfuka ba na murmushi. Su labari suka ji, ni kuwa a kaina aka yi abin, kuma idan na ce a kaina, kan nan nake nufi da ke bisa wuyana.

Gonarmu tana kan tudu ne a wajen Masaka, ta gangara har ƙasa inda idon ruwa yake ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin wani baƙin dutse. Gangaren nan shi ne kitsen gonar. Ayabar can sai an tokare ta da gwafa saboda nauyi. Tsakaninmu da Baba Kasule, ƙanin mahaifinmu, akwai layin luwaanyi, shukar nan da kakanni ke dasawa a iyaka domin ba ta mutuwa. Ko ka tumɓuke ta, saiwar da ta rage a ƙasa sai ta sake tofowa.

Shekarar da mahaifiyarmu ta rasu, ciwon ƙirji ya kwantar da mahaifinmu. Ni yarinya ce a lokacin, Kawooya kuwa yana goye a bayana. Wata safiya na gangara da tulu, sai na tarar da layin luwaanyi ya tashi daga inda na san shi, ya hayo sama da idon ruwan, ƙasar gindinsa ɗanya sharaf. Baba Kasule yana tsaye da adda a hannu. Na durƙusa na gaishe shi kamar yadda aka koya mini. Ya amsa da fara'arsa, har da tambayar jikin mai jiki, sannan ya ce, "'Yata, ruwan nan yanzu na gidana ne. Ki gaishe mini da yayana."

Na koma da tulu fayau na faɗa wa mahaifinmu. Ya juya fuskarsa bango ya ce a bari, ɗan'uwa ne. Da ya miƙe daga ciwon ma bai je ko'ina ba sai gindin gorar giyar ayaba, kuma a can ya ƙare sauran rayuwarsa. Maganar ƙasa ba a jin ta daga bakin mace, sai mai gida ko magajinsa. Mai gida ya zaɓi giya, magaji yana tsotson yatsa.

Shi ke nan na koma ɗebo ruwa a fadamar da ke bayan tudu. Hanyar ta gefen idon ruwanmu take bi, ina jin ƙararsa ina wucewa. Da safe sawu, da yamma sawu, damina da rani. Gashin tsakiyar kaina ya zube tun ban isa aure ba, bai kuma sake fitowa ba. Wani tela daga cikin gari ya so ni da gaske, ya yi ta jira, amma wa zan bar wa mashayi da ƙaramin yaro? Ya gaji ya auri wata. Na ga 'ya'yansa a kasuwa, duk sun ɗebo dogon hancinsa.

Abu ɗaya na shuka a shekarun nan, shi ne Kawooya. Tun yana tatata nake kai shi bakin gangaren in nuna masa tsohuwar iyaka, inda luwaanyi ke tofowa kowace damina, Baba Kasule kuma yana bi yana sarewa. Nakan ce masa ya duba da kyau, ƙasa ma ta ƙi yarda da ƙarya. Ba na neman gafarar kowa a kan wannan. Gaskiya na koya masa, kuma ya koya.

Yaron ya tashi da wuta a cikinsa. A makarantar mishan babu mai shan gabansa, idan wani ya zo na ɗaya sai ya ƙi cin abinci. Ya zama akawu a kotun hakimi, ya sayi keke, yana sa farar riga har ƙasa da kwat a sama. Idan ya shigo ƙauye manya ke fara gaishe shi. Kujerar hakimin kanta yake hange, bai kuma ɓoye ba. Ni kuwa daɗi kamar ya kashe ni. Yakan zauna a tsakar gida yana kallon gangaren ya ce, "Yaya, ranar da aka ɗaura mini mayafin magaji, sai tsohon can ya durƙusa yana kuka. Ke za ki ce ya tashi, in kin ga dama."

Domin wanda aka ɗaura wa mayafin magaji ya zama mamacin ne ɗungurungum. Ranar Baba Kasule zai kira shi yaya, ni da na wanke masa kashi zan kira shi Baba, kuma abin da ya faɗa a kan iyaka a gaban dattijon zuriya ya zauna.

Mahaifinmu ya rasu, muka binne shi a cikin ayaba kusa da mahaifiyarmu. Aka sa bikin naɗa magaji bayan girbin gahawa. A cikin watannin jiran nan ne balokole suka sami Kawooya, mutanen nan da ke cewa sun sami ceto, masu tashi a tsakiyar taro su fallasa zunubansu da bakinsu, su kama waƙa suna tsalle. Ya iso gida saura 'yan kwanaki biki, babu kwat, yana tura keken da hannu domin ya ɗora wa wata tsohuwa dammin itacenta a kai. Tun daga fuskarsa na ga an taɓa mini shi. Ta yi laushi, kamar ayabar da ta kwana a tukunya.

Ya ce, "Yaya, na sami ceto. Yesu ya same ni."

Na ce, "A wace coci aka yi mini baftisma, a wace aka yi maka? Ko tawa ba ta kama ba ne?"

Ya yi dariya, ya ce ba haka yake nufi ba. Sai ya shiga ba ni labarin yadda ya bi gida-gida yana mayar da kaji da awakin da ya karɓa a hannun masu ƙara, yadda ya tsaya gaban hakimi ya faɗa masa cewa ya daɗe yana haƙa masa rami. Yana faɗa yana murna kamar wanda aka yi wa haihuwa. Ni ban damu da akuyar kowa ba. Na tambaye shi kai tsaye, gangaren fa? Ya ce yana roƙon Allah ya nuna masa. Na ce ya bar wahalar da Allah, ni na nuna masa tun yana goye. Ya kawar da kai, ni kuma na ɗauki hakan a matsayin kunya. Na ce a raina mutumin da ke mayar da akuyar haram ai shi ya fi kowa sanin a mayar da ƙasar haram.

Ranar bikin gidan ya cika maƙil. An kakkafa rumfunan ganyen ayaba, tukwane suna tururi tun safe. Tsoho Ssebunya, dattijon zuriyarmu, ya fito da Kawooya ƙofar ɗaki, ya ɗaura masa mayafin ɓawon itace a kafaɗa, ya kira sunayen kakanni, ya danƙa masa mashi. Da aka miƙa masa gorar giya sai ya ce ba zai taɓa ba. Tsofaffi suka fara gunaguni, wani ya ce ina aka taɓa magaji ba gora. Ni ce na tashi da gudu na ɗebo ruwan ayaba wanda bai yi tsami ba na zuba a wata gorar, na roƙi tsoho Ssebunya ya yi haƙuri da wannan. Ni na ɗinke masa ɓarakar, domin ba zan bari kurɓi ɗaya ya tsaya tsakanina da idon ruwan nan ba. Aka zaunar da ni kusa da shi a matsayin 'yar'uwar da ke zama da magaji, aka ba ni kwando da wuƙar fere ayaba. Na riƙe wuƙar nan cike da murna.

Aka gama nasihohi, sai muka gangara, magaji a gaba da mashinsa, dangi a baya. An yi ruwa a makon. Buwembo, ɗan Baba Kasule, ya bi ya sassare tsohuwar iyakar kafin bikin, amma ga ta nan ta leƙo, kore shar, a jere tun daga dutsen har bakin hanya. Ko makaho ya shafa ya san layi ne. Tsakanin layin nan da na sama kuwa ga gidan Buwembo mai rufin kwano, ga gahawarsa, ga 'ya'yansa sun fito sun yi cirko-cirko. Baba Kasule ya tsufa, idonsa ya yi hazo, yana dogara sanda. Da na gan shi haka, wallahi na ji sanyi har cikin ƙashina.

Tsoho Ssebunya ya ce, "Mai gida, ga iyakar kakanni, ga wadda aka dasa daga baya. Kowa ya gani. Kafa mashinka."

Kawooya ya taka har tsohon layin ya tsaya. Ya daɗe yana kallon ganyen. Sannan ya juyo ya fuskanci Baba Kasule, ya yi magana da murya ƙasa-ƙasa, sai da mutane suka matso.

"Baba, wannan ita ce iyakar gaskiya, kai ka sani, ni na sani. Ka zalunce mu. Amma ni ma ina da abin faɗa. Tun ina yaro ba ƙasar nan nake so ba. Ban taɓa mafarkin ayabarta ba. Kai nake so in gani a durƙushe, in ga an ɗaye kwanon gidan nan yaran nan suna kuka. Don wannan na yi karatu, don wannan na nemi kujera. Kowace safiya sai na kashe ka a zuciyata kafin in wanke fuska. Yesu ya cire mini wannan, kuma da ya cire sai na duba na ga babu abin da ya rage da nake so a nan. In na kafa mashin nan a wurin nan, tsohon mutumin da ke cikina ne zai kafa shi."

Ya hayo sama, ya wuce ni bai dube ni ba, ya kafa mashin a gindin layin da ɓarawo ya dasa.

Ina jira in ga ko tsohon zai faɗi ƙasa, ko zai yi kuka, ko kunya za ta sa ya ce a'a ɗana, karɓi abinka. Da ya yi haka, wataƙila da zuciyata ta sami inda za ta jingina. Baba Kasule ya gyara tsayuwa, ya share hanci, ya dubi jama'a ya ce, "To, kun dai ji. Dama tun farko na ce nan ce iyaka."

Abin da ya ce ke nan. Ko na gode babu. Buwembo ya kwashe 'ya'yansa ya shige gida. Wasu balokole da suka rako Kawooya daga gari suka ɓarke da waƙarsu suna tsalle a cikin ciyawa, wata mata a cikinsu har ta buɗe hannu za ta rungume ni. Ta ga wuƙar da ke hannuna da irin kallon da na yi mata, ta canza hanya. Tsoho Ssebunya ya girgiza kai ya ce magaji ya yi magana, an gama.

Ban bari baƙi sun watse ba. A bayan madafa na tare shi, har yanzu mayafin yana kafaɗarsa. Na tuge ɗankwalina na jefar, na sunkuyar masa da kaina.

Na ce, "Duba nan. Duba da kyau, Baba, tunda yau Baba ka zama. Ka taɓa ɗebo ruwa a fadamar can ko sau ɗaya? Kai wanka ka yi da shi, ka sha, ka tafi makaranta fes. Me Kasule ya ƙwace maka? Ni ya ƙwace wa. Wuyana, gashina, mijin da zan aura, 'ya'yan da zan haifa. Ka tashi gaban mutane ka yafe abin da ba kai aka yi wa ba. Ka wanke zuciyarka da ruwan da na ɗebo. An yi maka waƙa, ni me aka yi mini?"

Na faɗi wasu maganganun da ba zan maimaita ba. Na ce masa da can shi mugu ne mai amfani, yanzu ya zama salihi marar amfani. Na ce Yesun da na sani ya kori ɓarayi da bulala, nasa kuwa gona yake ba su.

Bai kare kansa ba, abin da ya ƙara ƙona mini rai ke nan. Sai kawai na ga ya durƙusa. Namiji, magaji, da mayafi a kafaɗa, gwiwa biyu a ƙasa gaban mace, matan da ke fere ayaba suna kallo. Wata ta rufe fuska da zane. Ya ce, "Gaskiyarki, Yaya. Na yi ta addu'a a kan Kasule, na yi a kan kaina, ban yi a kanki ba. Ban ma tambaye ki ba. Mashin ba zan cire ba, shekarunki kuma ba ni da su da zan mayar miki. Amma ba za ki sake ɗaukar tulu ba."

Na ce ya tashi ya daina kunyata gidanmu sau biyu a rana ɗaya.

Na ɗauka irin maganar masu ceto ce, zafinta kwana biyu. Sai ga shi ya koma gari ya ajiye aikin kotu, kujerar da ya ƙare ƙuruciyarsa yana hange ya bar wa wani, ya dawo ƙauye yana koyar da yara a makarantar coci. Washegarin dawowarsa na fito da safe ban ga tulu ba. Can sai ga shi ya ɓullo daga bayan tudu, tsohon akawun hakimi, da tulu a ka, rabin ruwan ya ƙare a rigarsa. Matan hanya sun tsaya suna riƙe baki. Jikokin Kasule suna biye da shi suna kiransa matar Nanfuka. Ya sauke a ƙofar madafa ya gaishe ni. Na ɗaga tulun na tuntsurar da shi a gabansa, ruwan ya bi ƙasa. Ya ɗauka ya koma.

Na yi ta zubarwa har na gaji. Ruwa dai ruwa ne, ayaba kuma ba ta dafuwa da fushi. Na fara amfani da shi, amma ban ce masa ci kanka ba. Ya ɗebo da safe, ya ɗebo da yamma, ya wuce ta gefen idon ruwanmu yana jin ƙararsa kamar yadda na ji, har yakan tsaya ya gaishe da Baba Kasule. Tsohon ya mutu bai taɓa cewa ku zo ku ɗiba ba. Buwembo ma haka, sai ma shinge da ya ƙara. Kawooya ne ya haƙa kabarin tsohon, ni ban je ba.

Kuma bai iya ɗaukar ba. Namiji ne, ba wanda ya taɓa koya masa naɗa gammo. Yakan tattaro ɗanyen ganyen ayaba ya cukuikuye ya ɗora, kafin ya kai rabin hanya ya zame, gindin tulun ya zauna masa a kan ƙashi. Kowace yarinya a ƙauyen nan ta san busasshen ɓawon jikin ayaba ake sa wa a ciki, a naɗe shi tam, a bar rami a tsakiya. Na gani tun ranar farko. Na ƙi nuna masa, na ce bari ya ji.

Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Wata safiya ina zaune ina fere ayaba da wuƙar nan da aka ba ni ranar bikin, ya shigo ya durƙusa zai sauke tulu kusa da ni. Da ya sunkuya sai na ga tsakiyar kansa. Gashin ya zube, fatar ta yi baƙi ta yi kanta, faɗin gindin tulu, daidai inda nawa yake. Kan da na aske da hannuna yana yaro, na shafa wa mai, na ce wannan kan hular hakimi zai ɗauka.

Ba tausayi ne kaɗai ya kama ni ba, haushi ne ya fi yawa. Na tashi na shiga cikin ayaba, na yanko busasshen ɓawo da wuƙar, na naɗa, na ɗaure, ina yi ina zaginsa a raina, shi da Kasule da matar nan da ta so rungume ni. Na dawo na tarar ya juye ruwan a randa ya ɗauki tulun zai koma sawu na biyu. Na jefa masa gammon ya bugi ƙirjinsa.

Ya ɗauka ya jujjuya shi, ya ɗago zai yi magana. Na ga bakinsa yana shirin waƙar nan tasu.

Na ce, "Ka kuskura ka yi mini waƙa in fasa tulun nan a kanka. Ban yafe ba. A kife ka riƙe shi, ramin ne ke kallon sama, sakarai."

Ya juya gammon, ya ɗora, ya fita.